Wa Yake Juya Motar Baba?

Sidi Kawki, Asabar, 5 ga Yuli, 1997.
Aikin farko: duba katakan tayoyi, a ɗora kofin shayi a kan tebur.

Yaya Rkiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da mai gida Si Abdelkebir da yara, da fatan Darul Baida tana lafiya. Ki yi haƙuri da layin da ke sama, daga littafina na yago takardar.

Baba yana nan. Tarin ya ɗan lafa tun da muka fitar da shi daga ɗakin da rufinsa ya tsage muka mai da shi cikin motar mijinki mai ɗaki. Mutanen gari suna kiranta Bajamushiya. Yana cin miya kaɗan da burodi, yana shan shayi. Daga gado zuwa ƙofa sai an riƙe shi.

Ga yadda na ajiye ta, don ki faɗa wa Si Abdelkebir. Kin san iskar wannan wata daga arewa take zuwa, daga azahar har faɗuwar rana. Na juya hancin motar ya fuskance ta, yadda za ta bi ta kan gilashi ta wuce. Na ja birkin hannu, na bar ta a giya. Na tokare kowace taya da katako gaba da baya, na rubuta wa katakan lamba ɗaya zuwa takwas. Na sauke jak biyu na baya a kan faffaɗan dutse, na ɗaure kusurwa huɗu da igiyar jirgin kamun kifi a turakun ƙarfe. Kowace safiya ina cika kofin shayi da ruwa har zanen zinariyar bakinsa in ɗora a tebur. In ruwan ya kwanta daidai da zanen ta ko'ina, to motar a daidai take.

Abin da ya sa na rubuto shi ne wannan. Ranar Litinin na tafi aikin sikelin kifi a Suwaira kamar kullum. Da na dawo da la'asar, sai na tarar hancin motar yana kallon teku, ƙofarta da rumfarta suna shan iskar arewa gaba ɗaya, tana rawa kamar kwale-kwale. An mayar da katakan, an ɗaure igiyoyin, amma lamba uku tana wurin lamba shida, kuma ƙullin ba nawa ba ne. Ruwan kofi ya karkace da faɗin yatsa.

Na tambayi Baba. Ya ce, "Ni da ko butar shayi ba na iya ɗagawa kake tambaya?" Ya juya kai.

Na mayar da ita. Ranar Alhamis na je aiki, na dawo, haka na sake tararwa.

Na daɗe ina tuhumar kaina. Kin san ni, nakan koma gida sau biyu in duba ko na kashe gas. Amma littafina ya nuna ranakun biyu na duba da safe, hanci arewa, ruwa daidai.

Ba na son ɗaukar alhakin kowa. Sai dai akwai sawun takalmin taya daga katangar maƙwabcinmu Si Larbi zuwa ƙofar motar, kuma in an juya ta haka, tagar da ke jikin gadon Baba katangarsa take kallo, da bishiyar argan ɗin nan da shi da Baba suka shekara goma sha ɗaya ba sa gaisawa a kanta. Bayan haka gangaren filinmu teku ya nufa. In ta faɗi da Baba a ciki, kowa zai ce iska ce.

Mene ne ra'ayinki? Allah ya bar zumunci.

Ƙanenki,
Lahusin

*

Darul Baida, Alhamis, 10 ga Yuli.

Lahusin,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaida kakansu.

Kai dai ba ka canza ba. Na buɗe wasiƙa ina neman labarin ubana, sai na tarar da lambobin katako. Layi uku ka ba Baba, ka ba tayoyi shafi guda! Yana barci? Ya rame? Ya tambaye ni? Wa yake aske masa gemu?

Na karanta wa Abdelkebir. Ya ce ajiyarka daidai ce, ko Bajamushen da ya sayar masa bai kai ka tsanani ba. Ya ce ka naɗe rumfar gaba ɗaya, ka cika tankin ruwa don ta yi nauyi daga ƙasa, kada kuma ka bar haƙarƙarinta ga iska ko na awa ɗaya, domin doguwa ce, ba ta da faɗi. Tun da ya faɗi haka ban ƙara cin abincin kirki ba.

Maganar Si Larbi kuwa, ban sani ba. Mutumin da ya taɓa kai akuyarmu gaban mukaddam, mai unguwarmu, don ta ci 'ya'yan argan bakwai, ba zan rantse a kansa ba. Amma kisa? Kai ma dai. Ko 'yan hawan igiyar ruwan nan ne masu dogon gashi suke maka wasa? Ko kuwa Baba ne ya roƙi wani ya juya masa ita don ya ga teku? Tsoho ne, kallon bango yana gundura.

Ina mabuɗin yake kwana? Kada ka ce mini a jikin mota kake barinsa, don na san ka. Ka sa shi a aljihu ka tafi da shi, magana ta ƙare.

Kuma don Allah ka zauna ka yi hira da shi. Ba tambayar sau nawa ya yi tari ba. Hira.

Na aiko da zuma da maganin shafawa ta hannun direban bas. Ka sumbaci kansa a madadina.

Yayarka,
Rkiya

*

Sidi Kawki, Juma'a, 18 ga Yuli.
Aikin farko: canza wa Baba bandeji.

Yaya Rkiya,

Assalamu alaikum. Kada layin sama ya firgita ki, yana da rai, goshinsa ne ya fashe. Zan faɗa miki bi da bi.

Zumar ta iso. Na naɗe rumfa, na cika tanki. Maganar ganin teku na gwada ta: na kwanta a gadon da kaina lokacin da hancin yake yamma. Gadon a gicciye yake a can baya, labule da kabad sun tare gaba. Ba a ganin ko ɗigon ruwa, sai katangar Si Larbi.

Ranar Litinin na tafi da mabuɗi a aljihu. Sau biyar na taɓa shi a wurin aiki. Na dawo na tarar an juya ta. A ƙarƙashin sitiyari an zare wayoyi biyu, an fere bakinsu, an mayar an naɗe da ƙyalle. Aikin ɓarayin mota ke nan, Yaya.

Na bincika ɗakin. Kofuna biyu a wanke, alhali ɗaya na bari. A cikin kabad, bayan gwangwanin shayi, ga curin sukari guda cikin takardarsa, an fasa kansa. Ni ban saya ba, ke ba ki aiko ba. Na ce, "Baba, wa ya kawo wannan?"

Ya ce, "Sukari ne."

Na ce, "Na ga sukari ne. Daga ina?"

Ya ce, "Ka rubuta a littafinka, sukari ɗaya."

Na ɗauke shi na ɓoye a gida. Ban san abin da aka sa a ciki ba. Na ba kaza ɗan gutsure, ba ta mutu ba, amma kaza ba mutum ba ce.

Jiya Alhamis na yi niyyar kada in je aiki, sai aka aiko jirage sun shigo da kifin sardin da yawa. Na tafi, raina bai kwanta ba, na bar sikeli a hannun abokin aikina na shiga tasi da azahar. Iskar jiya ban ga irinta ba bana. Yashi yana dukan gilashin tasi kamar tsakuwa.

Daga kan hanya na hango ta, hanci a teku. Ina gudu ina gani tayoyin gefen ƙofa suka ɗaga daga ƙasa, na ga haske a ƙarƙashinsu, suka koma suka dira. Turke ɗaya ya tuge. Ga Si Larbi a wurin, hular jallabiyarsa ta zame, igiyar turken tana hannunsa.

Ban san lokacin da na kai kansa ba. Na ce, "Yau na kama ka, tsohon banza! Bishiya ɗaya ce za ka kashe mutum a kanta?"

Ya ce, "Kama nan, ɗan Hmad, kama nan! Bar surutu!"

Na fizge igiyar na ture shi, ya faɗi zaune a kan duwatsu. Na ɗaura ta a jikin tsohuwar rijiya, na shiga. Baba yana ƙasa tsakanin gado da tebur, jini a fuskarsa, kofuna a farfashe. Abin da ya fara cewa shi ne, "Ina Larbi?" Na ɗauka tsoro ne. Na ce ya kwantar da hankalinsa, na kore shi, ba zai ƙara takowa nan ba. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, ya rufe ido.

Na mayar da hancin arewa, na cire batir na kai gida na kulle. Na aika wurin aiki cewa ba zan zo ba sai abin da hali ya yi.

Tun jiya bai yi mini magana ba. Ya ƙi miya, ya ƙi zumarki. Yana kwance ya naɗe ƙafafunsa har ƙirji, in na miƙe masa su sai ya sake naɗewa. Ina zaton ciki ne.

Zan kai ƙara wurin 'yan sandan jandarma. Takardun motar da sunan mijinki suke, shi ya sa nake jiran izininsa. Abu ɗaya ne yake damuna, na rubuta shi na soke sau biyu: da na tuna yadda Si Larbi ya tsaya, ya jingina da baya ne yana ja, dugadugansa sun nutse a yashi. Mai kwance igiya ba haka yake tsayawa ba. Ko dai idona ne. Amma wayoyin fa? Sukarin fa?

Ki amsa da wuri. Allah ya sa mu ji alheri.

Ƙanenki,
Lahusin

*

Darul Baida, Litinin, 21 ga Yuli.

Lahusin,

Salamu alaikum. Ba izini. Kada ƙafarka ta taka ofishin jandarma.

Ka ture dattijo ɗan shekara saba'in da biyar? Kai? Da Inna tana da rai da ta ɗaga maka takalmi.

Ka ajiye littafin nan ka yi tunani. Si Larbi ko keke bai taɓa hawa ba, jakinsa ma sai ya ga dama yake bin maganarsa. A duk Sidi Kawki, wa ya shekara talatin yana jan babbar mota daga Agadir zuwa Tanja? Wa ya tayar da motar gawa da waya biyu ranar jana'izar kawu, da direban ya yar da mabuɗi a maƙabarta? Kana tsaye a wurin, kai ka riƙe masa wuƙar.

Sukari kuma, tun yaushe ake kai wa maƙiyi curin sukari don a kashe shi? Ka manta a wurinmu da shi ake zuwa neman gafara da sulhu?

Ban san dalilin Baba ba, kuma tsoron saninsa nake yi. Na rubuta wa Si Larbi na ba shi haƙuri, na roƙe shi ya faɗa maka abin da ya sani. Ina tafe ranar Asabar a bas ɗin safe. Ka mayar da sukarin inda ka same shi.

Rkiya

*

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Daga Larbi ɗan Mbarek zuwa ga ɗana Lahusin ɗan Hmad. Aminci ya tabbata a gare ka. Bayan haka:

Na rubuto ne maimakon in tako, tunda ka ce kada in tako. 'Yar'uwarka ta roƙe ni, na kuma ga alƙawarin da na ɗauka ya fara cutar da wanda na ɗaukar wa.

Ranar Litinin ta ƙarshen watan jiya ina ba awaki ruwa, na ji ana buga tagar mota da cokali. Na leƙa ta kan katanga. Mahaifinka ya ce, "Larbi, zo ka yafe mini, tafiya ta matso." Na koma ɗaki na ɗauko curin sukari na zo. Muka fasa shi, muka sha shayi. Bishiyar ya ce in riƙe, na ce ya riƙe, har muka kusa sabon faɗa.

Sannan ya ce in dubi yadda yake kwance. Ɗana, ka auna iska, ka auna ƙasa, ka auna ruwa a kofi. Amma in hancin motar yana arewa, gadon a gicciye yake, tafin ƙafar mahaifinka alƙibla yake nunawa. In ya juya kansa can, kabad ya hana shi, kuma ko ya samu, in ya kwanta a damansa arewa zai kalla. Ga shi mutum ne da yanzu a kwance yake yin yawancin sallolinsa. In an juya hancin zuwa teku kuwa, kansa yana kudu, ya kwanta a dama, fuskarsa tana alƙibla ta tagar baya. Ba katangata yake kallo ba, ita ce dai ta tsaya a hanya.

Ya ce ranakun da kake gida bai damu ba, in abin ya zo kana nan za ka juya shi. Ranakun aikinka yake tsoro. Ni ba ni da ƙarfin ɗaga shi, shi kuma ba ya son a same shi a haka.

Ni nake cire katakai da igiyoyi, in riƙe shi taku huɗu zuwa kujerar direba. Da hannunsa ya kama sitiyari sai ka ce an zare masa shekara ashirin. Yana zagina ta madubi, "Dama na ce, makiyayin awaki, dama!" Idan ya gama, numfashinsa ba ya isa ya mayar da ita. Ƙullin da ka ce ba naka ba ne, ƙullin jaki ne, shi kaɗai na iya.

Na ce ya faɗa maka. Ya ce ranar da aka shigo da shi ya tambaye ka, "Haka za ka ajiye ta?" ka yi masa bayanin iska na kwatan awa guda da zane a takarda, ya ce to. Ya ce kana da gaskiya a kan iskar, shi direba ne, ya sani. Ya ce kuma in ya faɗi dalilin, ya faɗa wa ɗansa ke nan cewa mutuwa yake shiri, za ka bar aikinka ka zauna kana kallonsa kana rubutu. Bakinsa ya kasa.

Ranar Alhamis na ce masa iskar ta yi yawa, mu bari. Ya ce a daren ya ji abin a ƙirjinsa. Na biye masa, wannan laifina ne, kuma saura kaɗan in zama sanadinsa. Turewar da ka yi mini ba ta kai wannan ciwo ba. Ƙuguna dai yana gaishe ka.

Ka ce yana naɗe ƙafafu, in ji 'yar'uwarka. Ba ciki ba ne, dubi inda suke nunawa in ya miƙe su.

Allah ya yi maka albarka, ya sa mu cika da kyau. Wassalam.

Laraba, 23 ga Yuli.

*

Sidi Kawki, Alhamis, 24 ga Yuli.
Aikin farko: auna tsawon motar daga ciki.

Yaya Rkiya,

Assalamu alaikum. Wataƙila ki riga wannan takarda isowa, amma in ban rubuta ba ba zan iya zama ba.

Si Larbi ya jefo wasiƙarsa ta kan katanga da dutse a ciki. Na karanta sau uku. Na buɗe littafina tun daga ranar farko: shafi arba'in da ɗaya, iska, tayoyi, tari, cokalin miya. Ni da nake fita bayan motar in shimfiɗa darduma sau biyar a rana, ban taɓa waiwayowa na ga inda ƙafafunsa suke ba.

Na shiga na zauna a bakin gadon. Na ce, "Baba, ba zan juya motar ba. Iskar ba ta sauka ba."

Bai buɗe ido ba.

Na ce, "Gadon zan juya. In na cire tebur da benci, zai shiga a tsaye, kai a baya, fuska ga ƙofa. Ƙofar gabas take kallo."

Sannan ya ce, "Ka auna?"

Na ce na auna. Saura faɗin yatsa huɗu, sai an rage katakon.

Ya ce, "Auna kuma. Na san ka."

Na sake aunawa a gabansa. Ya sha miya cokali shida. Kafin a gama aikin na shimfiɗa masa katifa a ƙasa tsakanin kabad da murhu, kai a kudu, na kwantar da shi a dama. Wurin ya matse, ƙafarsa tana taɓa kujerar direba. Ya miƙe su duka biyu, Yaya, har na ji gwiwarsa ta yi ƙara. Numfashinsa dai bai yi mini daɗi ba. Kada ki fasa bas ɗin safe.

Ban je wurin Si Larbi ba tukuna. Na kai bakin katanga sau biyu na dawo, hannu babu komai.

Ki gaida mai gida, ki ce masa zan ɓata masa tebur. Allah ya kawo ki lafiya.

Ƙanenki,
Lahusin

Na gobe:
Kofin shayi, katakai, igiyoyi.
Aro zarto wurin masu gyaran jirgi.
Kwance tebur da benci, a adana kusoshin.
Rage katakon gado, yatsa huɗu.
Sayo curin sukari, babba. A kai da kaina, kafin Juma'a ta sauko.
Kofuna uku.
Mayar da batir. A ba Baba mabuɗinsa.